Daga Kano Zuwa Agadas da Motar da Ƙwaƙwalwarta Ta Ƙone

Hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Agadas tana daga cikin tsofaffin hanyoyin fatauci na ƙasar Hausa, domin a dā ta nan ayarin raƙuma ke saukowa da gishirin Bilma da dabino, su koma arewa da gero da turkuɗi da jemammun fatu, kuma wani ɓangarenta, wato ƙasar Damargu, shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa bayan ya ziyarci Agadas a 1850, kafin ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851. A yau kwalta ta maye gurbin sawun raƙumi, hanyar kuma ta zama yanki na babbar hanyar ƙetare Sahara da aka tsara daga birnin Aljiyas zuwa Legas, mai tsawon kimanin kilomita 4,500. Daga Kano zuwa Damagaram ta Daura da Kwangwalam da Matamai tafiyar kimanin kilomita 240 ce, kuma garuruwa ba sa yanke wa matafiyi; daga Damagaram zuwa Agadas kuwa kimanin kilomita 450 ne, kuma a wannan kashi na biyu ne tazara tsakanin gari da gari ke buɗewa, har lafiyar mota ta zama ɗaya da lafiyar mutanen da ke cikinta.

Motar da ta mamaye wannan hanya, idan aka cire manyan motocin dakon kaya, ita ce a-kori-kura ƙirar Hilux, wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1968. Sunan da ta yi na juriya ta gaje shi ne daga tsofaffin zubinta da kuma 'yar'uwarta Land Cruiser, waɗanda sojojin Chadi suka hau a yaƙinsu da Libiya a 1987, har aka riƙa kiran ƙarshen yaƙin da sunan kamfanin. Waɗancan motoci, musamman masu injin gas irin 1HZ da ya fito a 1990, famfon ƙarfe ne ke auna musu mai, kuma da zarar injin ya tashi abin da yake nema daga lantarki bai wuce 'yar wutar da ke riƙe ƙofar mai a buɗe ba, shi ya sa direba mai basira ke iya kai su gida da fulaya da guntun waya. Hilux ɗin da aka fara fitarwa daga 2004, wadda aka riƙa harhaɗawa a Tailan da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe, ta riƙe ƙarfin gangar jiki da na ƙafafu, amma tafiyar da injinta ta koma hannun na'urar lantarki. Direbobi da makanikai da yawa sun karɓi sabuwar motar da tsofaffin ɗabi'u, kuma daga wannan giɓi ne matsalar da za a bayyana a nan ta fito.

Na'urar da ake magana a kanta ita ce makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, wato ƙaramar kwamfuta da ke cikin akwati shafaffe wanda girmansa bai wuce na littafi ba, kuma a wannan zubi na Hilux tana ɓoye ne a bayan akwatin ajiya da ke gaban kujerar fasinja. Aikinta karɓar rahoto daga sensoshi, wato ƙananan na'urorin da ke auna abin da ke faruwa a injin: wata na ƙidaya juyawar babban sandan injin, wata na auna iskar da ke shiga, wata zafin ruwan lagireto, wata kuma sauran iskar shaƙa da ta rage a cikin hayaƙi. Daga waɗannan rahotanni take yanke shawarar yawan man da kowane nozul zai fesa da lokacin da kwayil zai ba fulogi wuta, tana sake lissafin sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Ko totur ɗin da direba ke takawa a injin fetur mai lita 2.7 da ake kira 2TR-FE ba shi da igiyar ƙarfe da ta haɗa shi da maƙogwaron injin. Saƙo kawai yake aikawa, ƙwaƙwalwar ce ke buɗe ƙofar iska. Batirin motar yana ba da wuta mai bolt 12, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin lantarki, sai ƙwaƙwalwar ta rage shi zuwa bolt 5 daidai wa daida don ciyar da kanta da yawancin sensoshinta, kuma wannan sashe mai rage wuta shi ne ke fara karɓar duk wata ɓarna da ta biyo waya.

Ayarin da wannan bayani ya shafa ya bar Kano ne a tsakiyar bazara, cikin irin wannan mota mai injin fetur, ɗauke da farantan sola da famfunan ban-ruwa da wani ɗan kasuwa zai kai wa masu lambu a Tabelot, a gindin duwatsun Bagzan da ke ƙasar Azbin. Bayan ɗan kasuwar akwai direba, wanda ya daɗe a kan hanyar tun zamanin da yake yaron mota, da yaronsa, da fasinja biyu. An wuce Kazaure da Daura lafiya, aka yi zaman takardu da duba kaya a Kwangwalam da Ɗan Barto, yamma ta yi a Matamai, kuma da duhu ya shiga ne aka soma ganin abin da daga baya ya tabbata alamar farko ce: duk lokacin da taya ta faɗa rami sai fitilun gaba su yi wani irin haske mai kashe ido na ɗan lokaci, rediyo ya ɗauke ya dawo. Kafin a shiga Damagaram ƙwan fitila ɗaya ya mutu. Da safe aka sayi sabo a kusa da tasha aka saka, ba wanda ya tambayi abin da ya kashe na farkon, domin ƙwan fitila abu ne mai araha kuma mutuwarsa ba ta saba tayar wa kowa hankali ba.

Arewa da Damagaram, bayan tafiyar kimanin kilomita 50, ana hango matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, daga nan kuma ƙasa ta shimfiɗe zuwa Damargu, inda gonakin gero ke ƙara nisa da juna, ƙaya da aduwa ke maye gurbin manyan itatuwa. A Tanut aka tsaya salla da cin abinci, da aka dawo kuma motar ta ƙi yin kik, sai ƙara kaɗan take yi kamar batir ya mutu. Abin da aka yi a nan shi ne abin da ake yi kullum a tashoshin Nijeriya da Nijar: aka ari batir ɗaya daga wata babbar mota, aka cire na Hilux ɗin aka ɗora na aro, aka tayar da injin, sannan aka zare na aron injin yana aiki, aka mayar da na asali aka bubbuga kawunansa da dutse don su kama. Masu wannan aiki mutanen kirki ne da suka taimaka ba tare da neman ko sisi ba, kuma dabarar ta yi musu aiki shekara da shekaru a kan motoci masu kafireto da tsofaffin motocin gas.

Illar dabarar tana cikin yadda altaneta ke aiki, wato ƙaramin janareton da fanbel ke juyawa don cajin batir. A cikinta akwai abin daidaita wuta da ke riƙe cajin tsakanin bolt 13.5 da 14.5, amma shi kaɗai ba ya iya shanye canjin da ya zo farat ɗaya. Batirin ne ke wannan aiki, kamar yadda tafki ke karɓar ruwan kwazazzabo ya hana shi afka wa gari. Idan aka raba batir da altaneta tana tsakiyar caji, wutar da take turawa ba ta da wurin zuwa, sai ƙarfinta ya yi tsalle na wani yanki na daƙiƙa, wanda a inda babu kariya yakan kusanci bolt 100, ya bi kowace waya da ke motar. Masu ƙera motoci sun san da haka, sun kuma sa wa ƙwaƙwalwa abin da ke tare irin wannan tsalle, sai dai an yi shi ne don haɗarin da ke zuwa jefi-jefi, ba don a riƙa dukansa dare da rana ba. Kan batirin da ya yi sako-sako yana yin daidai abin da zare batir ke yi, sau ɗaya a kowane rami, kuma hasken da fitilu suka riƙa yi tun daga Matamai shaida ce cewa wannan duka ya daɗe yana sauka.

Bayan Tanut akwai wuraren da kwalta ke da kyau, akwai kuma inda ta farfashe har direbobi suka gwammace su sauka gefe su bi turɓaya mai gargada. A irin wannan wuri ne injin ya fara sarƙewa, alluran dashbod suka faɗi suka tashi, sannan ya mutu gaba ɗaya, motar ta gangara ta tsaya tun ba a kai Adarbisanat ba. Direban ya yi duk abin da ilminsa ya ba shi, kuma ilmin ba kaɗan ba ne: ya duba mai, ya ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga su a rana, ya musanya rile na injin da na hon, ya ciro kwayil ya gwada ko fulogi zai yi tartsatsi. Kik yana juya injin da ƙarfi, amma babu tartsatsi, babu ƙarar famfon mai. Abin da bai lura da shi ba, domin ba a taɓa nuna masa muhimmancinsa ba, shi ne 'yar fitilar nan mai siffar inji da ke kan dashbod, wadda ya kamata ta kama da zarar an murɗa makulli kafin a tayar da mota, ba ta kama ba. Ƙwaƙwalwar ce ke kunna ta, rashin kamawarta kuma yana nufin ko dai wuta ba ta isa ga ƙwaƙwalwar, ko kuma ƙwaƙwalwar ta daina aiki.

A wannan yanki ana iya jira, domin hanya ce da motoci ke bi, kuma ayarin na da jarkokin ruwa. Amma duk wanda ya zauna a inuwar mota matacciya da tsakar ranar bazara, ƙarfe ya yi zafin da ba a iya dafa shi, zai fahimci abin da irin wannan tsayuwa ke nufi ga wanda ta same shi a can gaba, inda ba kowa ke wucewa ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace ƙishirwa ta kashe su, kuma akasarinsu mutanen yankin Kance ne, wanda wannan ayari ya ratsa a daren da fitilunsa suka fara wasa. Wannan ne dalilin da ya sa batun kan batir da guntun waya ya cancanci a rubuta shi da natsuwa.

Wata babbar mota da ta fito daga Damagaram ce ta yarda ta ja su, bayan an daidaita a kan kuɗin mai. Jan mota wadda injinta ba ya aiki wahala ce ta daban, domin burki yana taurarewa idan babu iskar da injin ke zuƙa don taimaka masa, sitiyari ma yana yin nauyi, don haka aka haɗa motocin da sandar ƙarfe maimakon igiya, aka tafi a hankali. An kwana a Adarbisanat, inda makaniken da aka samu ya ƙware a kan giya da kuloci da sifirin, ya kuma yi gaskiyar cewa wannan aikin masu kwamfuta ne. Washegari aka gangara ta gaɓar dutsen Tigidit, aka shiga filin da ke kai wa Agadas, har aka hango hasumiyar babban masallacin garin, wadda aka gina da ƙasa a 1515 aka sake gina ta a 1844, mai tsawon mita 27.

Da wuya a sami wani gari a Afirka ta Yamma da ya san Hilux kamar Agadas. Daga nan motocin ke tashi zuwa Dirku da iyakar Libiya ta cikin hamadar Tenere, daga nan kuma masu haƙar zinariya suka kwarara zuwa Jado da Cibarakaten bayan an gano ta a 2014. Dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta kafa a 2015 ta sa an kama direbobi an tsare motoci masu yawa, har zuwa lokacin da gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamba na 2023. Duk waɗannan sauye-sauye sun bar garin da garejoji cike da motoci iri ɗaya, da kuma tsirarun masu wayarin da suka koyi karanta motar zamani, wasu a Libiya, wasu a Kano ko Yamai, wasu ta bidiyon wayar salula. Wurin ɗaya daga cikinsu aka kai motar, mutum mai matsakaicin shekaru wanda kayan aikinsa na sosai ba su wuce mita mai auna wuta da fitilar gwaji da tsohuwar kwamfutar cinya ba.

Tsarin da ya bi ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla, domin a nan ne gwani ke bambanta da mai canki-canka. Ya fara da soket ɗin gwaji mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ta nan ake magana da kwamfutocin mota, tsarin da Amurka ta wajabta wa motocinta tun 1996 sauran ƙasashe suka bi. Na'urarsa ta sami amsa daga kwamfutar burki, amma ta injin ta yi shiru. Wani mai wayarin zai tsaya a nan ya yanke hukunci, shi kuwa ya shaida wa ɗan kasuwar, yana kiransa Alhaji, cewa shirun ƙwaƙwalwa ba hujja ba ce ta mutuwarta, domin wadda aka yanke wa wuta ma shiru take yi. Ya cire akwatin ajiya ya fito da soket-soket ɗinta, ya tabbatar wuta na isowa ta wayoyin da ke ciyar da ita, kuma da fitilar gwaji ya auna, ba da mita kaɗai ba, saboda wayar da ta rage sili ɗaya tana nuna bolt 12 a mita alhali ba za ta iya ɗaukar kaya ba. Ya gwada wayoyin ƙasa, wato waɗanda ke mayar da wuta ga batir ta jikin ƙarfen mota, ya same su lafiya. Ya cire batir ya auna tagwayen wayoyin da kwamfutocin motar ke aika wa juna saƙo ta cikinsu, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986, ya sami om 60 tsakanin baki na 6 da na 14 na soket ɗin gwaji, om kuwa ma'auni ne na yadda abu ke tare wa lantarki hanya, kuma wannan adadi shi ake samu idan layin bai tsinke ba bai kuma haɗe ba.

Abin da ya rage shi ne bolt 5 ɗin da ƙwaƙwalwa ke bai wa sensoshi, kuma da ya auna bai same shi ba. Ko a nan bai yi gaggawa ba, domin sensa guda da ta haɗe a ciki tana iya janye wutar duka ta sa ƙwaƙwalwa mai lafiya ta yi kamar matacciya, kuma ƙwaƙwalwa da yawa an jefar da su a kan laifin sensar da kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na nasu ba. Ya zare sensoshin ɗaya bayan ɗaya yana duban mita, wutar ba ta dawo ba. Sai a lokacin ya kwance akwatin ya buɗe, warin ƙuna ya fito, aka ga baƙin tabo a kan faranti kusa da inda wuta ke shiga, wani ɗan ƙaramin abu ya fashe, layukan tagulla da ke gefensa sun ɗago.

Ɗan kasuwar, wanda masu lambu ke jira, ya so a nemo wata a ɗora nan take. Mai wayarin ya ƙi, ya ce sai an gano abin da ya kashe wannan, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta kai Tabelot ba, kuma a ganin mai wannan rubutu wannan ƙin shi ne mafi darajar aikin da aka yi wa motar. Na'urar da aka rufe a akwati, aka ɓoye ta a cikin ɗakin mota nesa da zafin inji, ba ta cika mutuwa don kanta ba. Galibi ruwa ne ya shige ta, ko an yi walda a jikin mota ba a cire batir ba, ko an juya kawunan batir wajen ba da wuta, ko caji ya wuce kima. Binciken bai yi nisa ba. Maƙalin kan batir na ɓangaren wuta ya tsage, an cusa masa ƙusa don ya kama, kuma a jikinsa an murɗa wayoyi na ƙarin fitilu da na cajin waya da na wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya, babu fiyus ko ɗaya a kansu. Aka kwance altaneta aka kai wa mai gyaranta, wanda ya ɗora ta a benci ya juya ta da injin lantarki, aka ga cajinta yana haura bolt 16, domin abin daidaita wutarta shi ma dukan ya lalata shi. Da an ɗora sabuwar ƙwaƙwalwa a kan wannan altaneta, da an yi asara biyu.

Neman madadi ya zo da nasa darasin. A ido duk ƙwaƙwalwar Hilux kusan iri ɗaya ce, soket ɗinsu ma kan shiga na juna, amma manhajar da ke ciki ta bambanta bisa ga nau'in inji, da giya ta hannu ko mai sarrafa kanta, da shekarar ƙira, da ƙasar da aka yi motar dominta, da kuma ko tana da tsarin hana sata ko babu. Abin da ke raba gardama shi ne lambar da ke kan takardar da aka manna wa akwatin, wadda a ƙwaƙwalwar injin Toyota take farawa da 89661, sauran haruffa da lambobi biyar su fayyace ainihin zubin. An sami guda biyu a Agadas da aka ciro daga motocin da suka shigo ta Libiya, amma ƙarshen lambarsu bai dace ba, ɗaya ma ta motar da ba ta da tsarin hana sata ce. Saboda haka aka ɗauki hoton takardar aka aika ta WhatsApp ga wani dillalin kayan mota a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, inda kayan gwanjo daga Legas da Kwatano da Dubai ke taruwa. Kayan gwanjo na lantarki caca ne, domin ba a ganin lafiyarsu da ido, don haka aka sharɗanta cewa sai an ɗora ta a wata mota a can an tayar, an aiko da bidiyo, kafin a tura kuɗi. Ta bi motar haya zuwa Damagaram, daga nan bas ya kawo ta, a naɗe cikin soso da kwali.

Kwanakin jiran sun tafi a tsohon garin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, tsakanin fadar Sarkin Azbin da rumfunan maƙeran azurfa da masu dukanci, da kuma garejin, inda aka sauya maƙalan batir, aka sa wa altaneta sabon abin daidaita wuta, aka tattara ƙarin wayoyin nan a kan ƙaramin akwatin fiyus nasu na kansu.

Ɗora sabuwar ƙwaƙwalwar bai ɗauki lokacin shan shayi ba: an cire kan batir, an ɗaura ta da ƙusoshinta, an tura soket-soket har suka yi ƙara, an mayar da batir. Da aka murɗa makulli 'yar fitilar injin ta kama, amma motar ba ta tashi ba, kuma mai wayarin ya riga ya gargaɗi direban cewa haka za a yi. A cikin kan makullin akwai ɗan ƙwayar lantarki mai ɗauke da lamba, wata ƙaramar kwamfuta ta daban ce ke karanta shi, sannan ta shaida wa ƙwaƙwalwar injin cewa makullin na gida ne ta hanyar wata lambar sirri da su biyu suka sani. Baƙuwar ƙwaƙwalwa ta zo da sirrin motarta ta dā, don haka sai an gabatar da su ga juna. A motocin Toyota masu wannan tsari ana yin haka ne ta haɗa baki na 4 da na 13 na soket ɗin gwaji da guntun waya, a murɗa makulli ba tare da an yi kik ba, a bar shi haka na minti 30 cur, batir kuma ya kasance da isasshen caji don kada wuta ta faɗi a tsakiya. Da lokacin ya cika aka kashe, aka zare wayar, aka yi kik, injin ya kama. Da motar mai injin gas na zamani ce, da akwai sauran aiki, domin kowane nozul nata yana da doguwar lambar gyaran awo da dole a shigar wa ƙwaƙwalwa da kwamfuta, in ba haka ba injin ya riƙa kaɗawa yana hayaƙi.

Babu wani abu a cikin wannan aiki da ya fi ƙarfin fahimtar direban da ke iya sauke giya a kan yashi ya mayar. Abin da ya rasa bayani ne da ba a taɓa yi masa ba, domin koyon tuƙi da gyara a tashoshinmu gado ne daga maigida zuwa yaro, maigidan kuma ya koya ne a kan motar da ba ta da ƙwaƙwalwa. Ƙungiyoyin direbobi da na makanikai, waɗanda ke da ofisoshi a tashoshi daga Kano har Arlit, su ne suka fi kowa damar isar da abubuwa uku ko huɗu da za su hana yawancin irin wannan asara, kuma babbansu shi ne kada a zare batir injin yana aiki, a yi amfani da wayoyin ba da wuta daga batir zuwa batir, kowane kai ga ɗan'uwansa. Kuɗin waɗannan wayoyi bai kai na cika tankin motar sau ɗaya ba.

Kafin a sallami motar mai wayarin ya goge lambobin kuskure da suka taru, ya auna caji injin yana aiki da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ya sami bolt 14 ba ya motsi, sannan ya sa direban ya fita da ita kan gargadar da ke bayan gari yana riƙe da kwamfutarsa a kujerar fasinja yana duban ko wutar za ta yi tsalle. Ya sayar masa da 'yar mita da ake cusawa a ramin kunna taba, wadda ke nuna ƙarfin caji a kowane lokaci, ya ce masa idan ta haura 15 ya tsaya ya kashe mota ko a ina yake. Tsohuwar ƙwaƙwalwar ba a yar da ita ba. An ba yaron mota ya ajiye don a kai wa masu gyaran farantin lantarki a Kano, waɗanda sukan sauya sashen da ya ƙone idan wutar ba ta kai ga ainihin guntun lissafi ba, domin in ta gyaru ta zama ta ajiya a ƙarƙashin kujera. Da asubar washegari aka sake ɗaure farantan sola, aka cika jarkoki da ruwa da fetur, motar ta ɗauki hanyar duwatsu zuwa Tabelot, inda aka sauke famfunan a lambunan albasa, ta kuma juyo kudu da buhunan albasar zuwa Damagaram.